Gaisuwar da Ba Ka Aiko Ba

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. A firamare an koya mana cewa bayan sallama sai a rubuta, da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan. Na ɗora biro zan rubuta, sai na ga duk biyun ƙarya ne. Ni ba lafiya nake ba, kai kuma ka wuce inda ake tambayar lafiyar mutum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana nan ma ba karantawa za ka yi ba, kai da in saƙo ya wuce layi uku sai ka bugo ka ce Yaya taƙaita min. To yau babu taƙaitawa. Ka yi haƙuri ka ji ni har ƙarshe, tunda yanzu ba ka da inda za ka ce kana sauri.

Yau wata uku da kwana ashirin da tara da rasuwarka. Inna ba ta sani ba. Matarka Zulai ba ta sani ba. Kaf Wudil babu wanda ya sani, ko matata da ke Kano ban gaya wa ba. Ni kaɗai na sani, ina zaune a hawa na goma sha huɗu, a ɗakin da in na ware hannuwana nake kusan taɓa bango biyu, tagarsa da ƙarafa kamar ana tsoron in gudu.

Bari in fara da naka laifin, tunda nawa ya fi tsawo. Lokacin da aka ce ku sabunta takardunku kafin a tura ku daji, a gurbin wanda za a sanar idan wani abu ya faru, sunana ka sa da lambata ta nan. Ba ka sa Inna ba, wannan na gane. Ba ka sa Zulai ba, shi ma na gane. Amma Kawu Isa fa, wanda ƙofar gidansa ke kallon tamu, wanda shi ya faɗa mana rasuwar Baba da bakinsa? Ka tsallake shi, ka ɗauko mutumin da ke bayan teku, wanda in yana sallar azahar ku kuna dawowa daga asuba. Ka tambaye ni? Ba ka tambaye ni ba. Ka rubuta Auwalu ka wuce, yadda ka saba zura takalmina ka fita ba ko sallama. Na san abin da ka hango, kada waya ta yi ƙara a hannun Inna tana tsakiyar tankaɗe. Ita ka tsare. Ni kuma ka ɗauka dutse ne, don ban cika magana ba.

Ba ma ta hanyar takardar labarin ya zo ba. Abokin aikinka ne, Kofur Bitrus, ya ga lambar a ɗan littafin da kake sawa a aljihun gaba. Sati biyu bayan abin ya samu sabis ya turo min saƙon murya. A cikin jirgin ƙasa na cikin gari na saurara, a tsaye, na riƙe ƙarfe, wani tsoho yana gyangyaɗi a gabana. Da Hausarsa ta bariki ya ce da hantsi aka faɗo muku, harsashin ya shiga ta ƙarƙashin hammata inda rigar sulke ba ta rufe ba, kuma ba ka daɗe ba. Sau biyu ya maimaita wannan, ba ka daɗe ba. Su uku suka ɗauke ka, shi da wasu Musulmi biyu. Da suka ga ba za su kai ka sansani ba, suka haƙa a gindin wata aduwa. Ya ce ya tambayi 'yan'uwan naka ina ne gabas, suka juya fuskarka. Sallah kuwa, ya ga sun tsaya sun ɗaga hannu, amma harbi yana matsowa, shi kuma Kirista ne, bai san ko sun kai ƙarshe ba, in yafe masa. Shi ne fa yake neman in yafe masa, Hamisu.

A takarda har yau ba a gan ka ba ne kawai, don wurin bai shigu ba balle a je a tabbatar. Ban ga laifin manyanku ba, ba za su rubuta abin da ba su gani ba. Bitrus kuma ya roƙe ni kada sunansa ya fito, don ba huruminsa ba ne ya faɗa. Ranar sai da na wuce tashata har biyu kafin na tuna ina da ƙafa.

Ka san yadda nake da Inna. Ni ɗan fari ne, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ambace ni sai ta ce wancan na Maleshiya, da can kuma wancan na makaranta. Kai kuwa Auta, Auta, har a gaban surukai, ka baje a tabarmarta da kakinka ka sa hannu a kwanonta. Ban ce ba ta so na ba. Kunya ce, haka ta tarar, haka aka yi mata ita ma. Amma lokacin ina yaro ina na san wata kunya? Abin da idona ya gani shi na sani. Wayarmu ni da ita ba ta wuce minti biyu: ina kwana, ya karatu, ya ruwa, Allah ya taimaka, sai ta miƙa wa wanda ke kusa.

Washegarin saƙon Bitrus na kira ta da niyyar in ce a haɗa ni da Kawu. Kafin in buɗe baki ta tambaya ko na ji daga Auta, don an kwana biyu shiru. Na ce na ji. Wallahi ban shirya ba, fita ta yi kamar tari. Na ce inda kuke babu sabis, ta wayar oganku kake turo saƙo ta intanet, shi ya sa ni yake samu, kuma ka ce a gaishe ta. Ta yi hamdala. Sai ta tambaya ko kana cin abinci. Na ce kana ci. Ta ce sanyi fa, na ce an ba ku bargo. Ranar minti ashirin muka yi da Inna. Ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku, da rigimar da ake yi da maƙwabta a kan kwata, har ta yi dariya, ta ce in kwashe duka in gaya maka.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a sujada ban iya furta shi sosai ba: na ji daɗi. Na kashe wayar hawaye na zuba, kuma na ji daɗi. Tun daga ranar duk Juma'a nake kai mata gaisuwarka. Na ƙware. Na san irin abin da za ka faɗa, na san inda za ka sa tsokana. Na ce ka ce ta ajiye maka ɗan akuya ɗaya, baƙin. Ta ajiye, yanzu ma na Auta ake ce masa. Hirar da nake nema tun ina yaro na samu, da muryarka na same ta, kai kuma kana gindin aduwa. Wane irin wa ne wannan?

Na samu hujja, mai kyau ma. Ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta ta waya, kowa ya san haka. Mu da ke waje ma in an yi mana rasuwa cewa ake jikin wane ya yi tsanani ka taho, sai ka sauka ka ga tabarmi a ƙofar gida. Na ce to zan je da ƙafata, in durƙusa a gabanta in faɗa. Sai dai fasfona yana ofishin da ke sabunta mana biza tun kafin ka rasu. Duk Litinin nake zuwa in ɗauki lamba in zauna. Matar da ke bayan kantar ofishin tana da kirki, ta san ni, kafin in ƙaraso ta girgiza kai ta ce belum. Wato tukuna. Ita ce kalmar Malay da na fi iyawa. Sufabaiza ya karanta babi na biyar? Belum. Shekara biyar ina auna ƙasar gonakin kwakwar manja, abin da ko tushe ɗaya ba za a shuka a Wudil ba, an gama? Belum. An ce in rasuwa aka yi a gida ana iya fito min da fasfon cikin gaggawa, in kawo takardar shaida. Wace takarda? A takarda ba ka mutu ba. Ka ga inda ka saka ni? Amma in faɗi gaskiya, Litinin ta farko bayan saƙon Bitrus, da matar ta girgiza kai, sauƙi na ji.

Sai batun Zulai. Akwai wani Malam Kabiru a Taman Melati, mutumin Zariya, fiƙihu yake karantawa. Na same shi a shagon mamak, irin na Indiyawan nan masu abinci, muna shan shayi, na ce wata mata ce a garinmu mijinta ya rasu a tafiya, labari bai iso ba sai daga baya, daga yaushe za ta fara ƙirga takaba? Ya ce a abin da ya karanta a littattafanmu, wata huɗu da kwana goman daga ranar rasuwa suke farawa, ko ta ji ko ba ta ji ba. In labari ya zo bayan sun cika, shi ke nan, ta fita, babu komai a kanta. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce Allah dai ya sa ba wani ne ke riƙe da labarin ba. Na ce a'a, na sa baki a kofi.

Na fito ina jin kamar na tsinci kyauta. Na ce ashe ma taimakonta nake yi. Ga 'yarku Ummi a hannunta ko yaye ba a yi ba, me zai sa a zaunar da ita a ɗaki wata huɗu, ba kwalli ba turare, mata suna shigowa suna leƙa fuskarta? Bari kwanakin su wuce ba ta sani ba. In na zo na faɗa ta yi kukanta, amma ta riga ta fita. Na fara ƙirga kwanaki a bayan littafin gwaje-gwajena kamar mai jiran sallah. Har yabon kaina na riƙa yi.

Yanzu bari in ba ka labarin wani hoto, don shi ya hana ni sakat. Ka sha ganinsa a bayana in muna bidiyo, har ka taɓa cewa su waye waɗannan masu fuskar yunwa. Shafin tsohuwar kalanda ne, a bango na tarar da shi. Satin farko na cire shi, don ba na son yin sallah da hotunan mutane a ɗaki, sai na ga ashe tabon danshi yake rufewa, baƙi ƙirin, mai wari. Na mayar da shi, in zan yi sallah in rataya tawul a kai.

Zane ne na fenti. Maza uku zaune a tebur da kayan soja irin na da, kwano ɗaya a gabansu. Na tsakiya yana kallon gaba, sauran biyun sun ba mu gefen fuska, babu mai kallon wani. A bayansu komai shuɗi ne, kamar an tsoma rabin takardar a bula: wasu mutane a guje, da wani ya karkata baya, hannunsa a ƙirji, idonsa a rufe. Shekara biyar ina ganinsa, kuma ga yadda na fassara shi: mutum uku suna jiran abinci, an makara ba a kawo ba, shi ya sa suka ɓata rai. Na bayan kuma wani ne barci ya kwashe a tsaye, irin masu gadi. Kai ma da ka ce fuskar yunwa, ai tare muka yi kuskuren. Mu da muka tashi muna ganin maza sun kewaye kwano, me za mu kawo a ranmu in ba ci ba?

Rustam ne ya gyara min, ɗan Uzbekistan da ke ɗakin kusa da nawa, wanda ɗan ƙasarsu ne ya bar kalandar. Kamar wata guda bayan saƙon Bitrus ya shigo da la'asar aron dutsen guga, ya tsaya yana kallon hoton. Ya ce a littafin makarantarsu yake tun suna yara. Wani ɗan Rasha ne ya zana shi kusan shekara ɗari da suka wuce, bayan yaƙin da suka yi a tsakaninsu. Na gaya masa tawa fassarar, ya yi dariya har ya zauna a katifata. Ya ce wane abinci, an gama faɗa ne sun dawo. Na bayan nan harbinsa aka yi, faɗuwa yake. Kuma ba a ɗakin yake ba, a cikin kansu yake, shuɗin nan tunaninsu ne. Su ukun abu ɗaya suke gani, shi ya sa ba sa bukatar kallon juna. Ya ɗauki dutsen guga ya fita, bai san abin da ya bar min ba.

Ni ba mutumin zane ba ne, ƙasa na karanta. Amma launin ƙasa kam na san shi. Fuskokin masu ran nan uku launin jar ƙasa ne, irin ta bakin hanyar Gaya in ta bushe. Wanda ya shiga ƙasar kuma shi aka ba launin sama. Na daɗe ina juya wannan, kamar mai zanen yana cewa su ne aka binne. Babu hawaye ko ɗigo a hoton, babu mai ɗora hannu a ka, babu tuta, babu wanda ya yi kama da jarumi. Kuma bai zana mamacin a kwance an rufe shi ba. A tsakiyar faɗuwa ya bar shi. Shekara ɗari yana faɗuwa bai kai ƙasa ba, su kuma sun ba shi baya, don sun san ko sun juya ko ba su juya ba yana nan.

Haka kake a ɗakin nan, Hamisu. In ina wanke kwano kana bayana. In na zauna gaban sufabaiza yana zagaye min kurakurai da jan biro, kana bayansa, kana faɗuwa. Ban gan ka a kwance ba, ban zuba maka ƙasa ba. Kuma ni na hana ka kaiwa, tunda duk Juma'a sai na tashe ka ka gaida Inna.

Na sa wa na hagu suna Bitrus, duk da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Sauran biyun su ne waɗanda suka ɗaga hannu a kanka, ko sunansu ban sani ba. Wata rana na tambayi Rustam ina uwar mamacin a hoton, ina matarsa. Ya ce bai taɓa tunanin haka ba. Can ya ce wataƙila ba a gaya musu ba tukuna. Sai ya ba ni labarin uwar kakarsa, wadda a yaƙin da ya biyo baya aka aiko mata takarda cewa ba a ga mijinta ba, har ta mutu tana ajiye masa kofin shayi. Ya ce a danginsu kamar abin yabo ake ba da labarin, amma kakarsa ta ce ita ba ta ga abin yabo a ciki ba. Da wani ya tausaya ya zo ya ce ya mutu, da uwarta ta yi kuka ta tashi.

Ko wannan bai ishe ni ba, ka san taurin kaina. Abin da ya karya ni shekaranjiya ya zo. Da ma watan jiya Zulai ta turo saƙo, cikin ladabi kamar kullum, wai don Allah in zan aika kaya in sa mata gyale ruwan hoda, mai duwatsu a baki, tana so ta sa ranar da za a ba ka hutu. Na hau jirgi na je Jalan Tuanku Abdul Rahman, na shiga shago uku ina zaɓe, har ina ɗaga shi a haske. Na ba wani mai tafiya Kano ya kai. Shekaranjiya ta turo hoto. Bikin ƙanwarta aka yi. Ga ta nan da gyalen, lalle har gwiwar hannu, kwalli, tana dariya, Ummi a kafaɗa. Ta ce ta kasa jira ta ɗan sa shi, in tura maka ta wayar ogan naku, in ce ka yi haƙuri biki ya riga ka.

Na daɗe ina kallon lallen nan. Wata rana za ta san ranar da ka rasu, za ta ƙirga da yatsunta, za ta gane cewa ranar da ta yi rawa a bikin nan kana da kusan wata huɗu a ƙasa. Malam Kabiru ya ce babu komai a kanta, kuma na yarda, a wurin Allah babu. Amma matan unguwa fa? Ita kanta fa? Ni na zaɓo gyalen da hannuna. Na ɗauka takaba ɗauri ce nake kwance mata, ban tsaya na tambayi kaina ko tana so a kwance ba. Wataƙila tana so ta zauna. Wataƙila zaman nan shi ne abu na ƙarshe da za ta yi maka a matsayin matarka, ni kuma ina nan ina cinye mata shi kwana ɗaya-ɗaya, ina kiransa taimako.

Na ɗaga kai na ga mutanen nan, sai na lura da abin da ya fi komai fitowa fili, wanda shekara biyar ban gani ba. Su uku ne. Tebur ɗaya, kwano ɗaya. Ba sa magana, amma kowa ya san abin da na kusa da shi ya sani. Ai zaman makoki ne, Hamisu, irin namu, tebur ne kawai a madadin tabarma. Mu ma haka muke yi, a zo a zauna, a ce ya haƙuri, a yi shiru, a kawo kwano a ajiye ko ba za a ci ba. Ashe da muka ga kwanon ba mu yi nisa da gaskiya ba. Wannan zaman na hana Inna, na hana Zulai, na hana abokanka na bakin kasuwa, na hana kaina. Ba a yi maka uku ba, ba a yi bakwai ba, arba'in ta zo ta wuce ina cin shinkafa a roba a bakin gado.

Yau na yi abu ɗaya. A nan in an idar da Juma'a sukan yi sallar gawa ga wanda ya rasu a nesa, ba gawar a gaba. Mu a gida ba mu saba ba, kuma na sha tsayawa a baya ina cewa a raina wannan kuma wace iri ce. Yau na rubuta sunanka a 'yar takarda na miƙa wa ladan. Liman ya karanta ya ce Khamis, wato Alhamis a bakinsu, da kana nan da wata guda za ka yi kana kwaikwayonsa. Karo na farko ke nan da na ji an faɗi sunanka cikin matattu, da ƙarfi, a lasifika. Masallaci cike, 'yan ƙasa da Larabawa da 'yan Bangladash masu aikin gini, babu wanda ya san ka, suka yi maka kabbara huɗu cikakku, ba harbi, ba gaggawa. Zan gaya wa Bitrus ya kwantar da hankalinsa, an kai ƙarshe.

Da aka sallame na juya sai ga Malam Kabiru a sahun baya. Ya haƙuri kawai ya ce min. Ya riƙe hannuna har muka fito wurin takalma, sannan ya tambaya kwana nawa suka rage wa matar garin namu. Na ce goma sha ɗaya. Ya ce to kwanakin nata ne.

Ina dawowa na kira Kawu Isa. Na faɗa masa duka, har da gaisuwar ƙarya. Ya yi salati, sannan ya gaya min abin da na cancanta, ban musa ko ɗaya ba. Ya ce shi zai shiga ya faɗa, haka ake yi. Na roƙe shi ya shiga ya zauna kusa da Inna, a kira Zulai, amma ya bar ni in faɗa da bakina, tunda da bakin nan na yi ta tashinka. Ya ce ba a yi ta waya. Na ce na sani, wata uku da rabi nake fakewa da wannan. Ya ce in ba shi lokaci ya nemo liman da matan da za su riƙe su.

Ban san me zai biyo baya ba. Wataƙila Inna ta koma minti biyu, wataƙila ko su ba zan ƙara samu ba, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. Zulai in ta daina gaishe ni har abada ta yi daidai. Duk wannan daga nan zan ji shi, ta waya, a kan katifar nan, ba zan kama kowa ba, ba mai kama ni. Anjima za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, a yi ta tambaya ina babban wan, a ce yana Maleshiya. Litinin in koma in ɗauki lamba.

Kai kuma akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da ka zo da fom ɗin soja na ce maka wanda karatu ya gagara ne ke shiga, ka yi dariya ka ce ai sai an samu mai tsare wa masu karatu gida. Na yi kishinka tun ranar sunanka, kuma babu wanda nake jira ya kira ni kamar kai. Da na ji daga Bitrus ka sa sunana a takardar nan na ce ɗaure ni ka yi. Yau na fara tunanin ko yarda ce. Ka ɗauka in ta faru Yaya zai san yadda zai yi. Ban sani ba, Auta. Ka yafe min.

Hadari ya haɗu, kamar kullum da yamma a garin nan. Biyar saura a nan, goma saura a gida. Inna ta gama shara tana zaune a bakin ƙofarta da waya a cinya, don ta san Juma'a ce, ranar gaisuwar Auta. Na cire tawul daga kan hoton, na jawo kujera kusa da teburinsu, ko na samu wurin zama. Yau ba zan ce ka gaishe ta ba. Zan ce mata ka rasu da hantsi, ba ka daɗe ba, an juya fuskarka gabas, an yi maka sallah. Duk gaskiya ne, karo na farko.

Ka kwanta, Hamisu. Ba zan ƙara tashinka ba. Allah ya jiƙanka, ya sa aduwar nan ta yi maka inuwa, ya haɗa mu inda ba a jiran takarda.

Ga wayar Kawu nan tana shigowa.

Yayanka da ka ba saƙo ya riƙe,
Auwalu